Awa Ɗaya Tsakanin Inna da Bukar

Na jima ina jin yadda kuke ba da labarin rasuwar baffanku Bukar a tsakaninku, kuma duk sanda na ji sai in ga an tsallake wani wuri. Wasunku suna makaranta a lokacin, wasu kuma daga bakin matan unguwa suka ɗauko nasu. Har yau akwai mai cewa 'yarsa Falmata ce ta rikita lokaci, shi ya sa kakarku Inna ba ta yi sallama da ɗanta ba. Ba haka aka yi ba. A hannuna abin ya faru, kuma gara ku ji daga gare ni tun ina iya riƙe alƙalami.

Kun san sana'ata. Mahaifinmu ya zo daga Barno ya zauna a Fagge yana ɗinkin hula, ni kuwa ban gaje shi ba, sai na tafi Sabon Gari na koyi buga takardu, har Allah ya ba ni shago da injina biyu. Katin biki, takardun makaranta, littafin rasit, duk na buga. Amma abin da aka fi sanina da shi shi ne kalandar da nake buga wa 'yan kasuwar Kantin Kwari duk ƙarshen shekara. A ƙasan kowane shafi akwai wani ɗan jadawali: idan ƙarfe goma sha biyu na rana ta yi a Kano, ƙarfe nawa ne a Jidda, da Dubai, da Indiya, da Sin, da Landan, da Alƙahira. 'Yan Kwari mutanen waya ne, kullum suna magana da masu masaƙa da dillalai a ƙasashen nan, don haka jadawalin ya shiga ransu. Na sha wucewa ta gaban rumfa in ga alhaji ya ɗora yatsa a kan kalandata kafin ya danna waya, sai in ji wani daɗi a raina.

Daga ina na samo lissafin? Wannan tambayar ba wanda ya taɓa yi mini, ni ma ban taɓa yi wa kaina ba. Wani dayari ne, irin littafin nan na rubuta ayyukan kowace rana, da aka ba ni kyauta tun ina sabon buɗe shago, a bayansa akwai taswirar duniya da lokutan ƙasashe. Daga nan na kwafa. Bayan 'yan shekaru wani da ke zuwa Ingila ya gaya mini su can suna tura agogo gaba idan zafi ya shigo, su mayar da shi baya idan sanyi ya dawo, sai na sa ɗan tauraro a gefen Landan. Sauran kuwa yadda na kwafe su haka suka zauna shekara da shekaru. A tunanina lokacin ƙasa kamar wurin zamanta ne a taswira, ba ya motsi.

Bukar shi ne autan Inna, na girme shi da shekara shida. Malamin makarantar sakandare ne, mutum mai sanyin magana, wanda ko ɗalibi zai tsawatar wa sai ya fara da sallama. Tun bayan rasuwar matarsa ciwon zuciya ya kama shi, aka yi ta magani a nan har likitoci suka ce sai an yi masa aiki, suka ba da shawarar Masar. Dangi suka haɗu aka shirya tafiya. Falmata, babbar 'yarsa, ta bar yaranta wurin mijinta ta raka shi. Kwana biyu ko uku bayan ƙaramar Sallah suka tashi. Da suka sauka ta kira ni, na tambaye ta ƙarfe nawa a wurinsu, ta faɗa, na duba kalandar bangon ofishina na ga daidai: awa ɗaya suke gabanmu. Na ce mata kin gani, aikin baffanki ba ya kuskure.

Inna a lokacin ta haura tamanin. Tana tsohon gidanmu na Fagge, ita da wata dattijuwa 'yar uwarta da ke taya ta zama. Kunnenta ya yi nauyi, kuma wayarta irin ƙaramar nan ce, ba ta jin komai a cikinta. Idan za ta yi magana da Bukar sai na je da tawa na kunna kiran bidiyo, ta riƙe da hannu biyu tana kallon bakinsa, ni kuma ina maimaita mata abin da bai shiga ba. Haka muka yi sau uku ko huɗu a makonnin farko, ba tare da sa lokaci ba, duk sanda na samu sarari sai in je.

Da aka tsayar da ranar aikin, Falmata ta kira ni da yamma ina shago. Ta ce gobe za a shiga da shi ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, kuma likita ya yarda ya yi waya rabin awa kafin nan. Ta ce babanta ba ya son magana da kowa sai Inna. Don haka in kasance kusa da ita ƙarfe goma sha ɗaya daidai, agogon can. Sai ta ƙara da cewa:

"Baffa, ka san bambancin ko? Don na ji a nan ana cewa agogon..."

Ban bar ta ta ƙarasa ba. Na yi dariya na ce:

"Falmata, ni da nake buga wa duk Kwari lokutan duniya? Ki kwantar da hankalinki, ki kula da babanki kawai."

Ta ce to, muka yi sallama. Na ɗaga kai na dubi bango. Sha ɗaya a Alƙahira, goma a Kano.

Washegari na fita da wuri domin akwai aikin takardun jarrabawa na wata makaranta da za a karɓa ranar. Na yi niyyar tashi tara da rabi in isa Fagge kafin goma. Babu wuta, janareta na ruri, injin yana bugawa, wayata kuma na sa ta a aljihun tebur a ofis don kada tawada ta ɓata ta, kamar yadda na saba. Da lokacin tafiya ya yi na wanke hannu na buɗe aljihun tebur, sai na ga kiran Falmata har goma sha huɗu, na farko ƙarfe tara daidai. Na kira ta nan take. Muryarta a dishe ta ce yanzun nan aka tura shi ciki. Ta ce ta gwada wayar Inna a kashe. Ashe kwana biyu ba su da wuta a Fagge. Na tambaye ta don me aka matso da aikin, sai kawai ta ce in yi masa addu'a.

Duk da haka na hau adaidaita na tafi Fagge. Na sami Inna a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta yi wanka, ta ɗaura sabon ɗankwali, domin ta ce ba ta so ɗanta ya gan ta a yamutse. Tana ganina ta miƙo hannu biyu don karɓar waya. Na durƙusa na ɗaga murya na ce mata likitoci sun matso da aikin, an riga an shiga da shi. Ta janye hannunta a hankali ta ɗora a cinya. Ta ce Allah ya fito da shi lafiya, in ya fito sa yi magana. Muka zauna tare har azahar. Bayan la'asar Falmata ta kira. Bukar bai farfaɗo ba. A can aka yi masa sutura aka binne shi.

A zaman makoki duk wanda ya zo gaisuwa sai Inna ta gaya masa cewa ba a haɗa ta da shi ba. Ba kuka take yi ba, faɗa kawai take yi, ta sake faɗa. Ni kuma ina cewa likitoci ne suka matso da lokaci, kuma Allah shaida a kwanakin nan haka na ɗauka. Da Falmata ta dawo aka tambaye ta, sai ta ce a'a, ba a matso da komai ba, a lokacin da aka sa aka shiga da shi. Daga nan maganar ta juya. In ba likita ba, to wa? Mutane suka dube ni, mai buga lokutan duniya, suka dubi yarinyar da ta yi makonni ba barci a ƙasar da ba ta jin harshensu. Suka ce ai gajiya ce, ta faɗi lokacin da ba shi ba. Wasu da tausayi suka faɗa, wasu ba da tausayi ba. Falmata ba ta musa ba. Inna kuwa ta daina tambayar ta, ko ta zo gaisuwa sai ta amsa a taƙaice ta juya fuska.

Kimanin kwana goma bayan sadakar bakwai, Alhaji Sabo ya shigo shagona. Shi ne babban mai ba ni aikin kalandar, dillalin atamfa da shadda ne a Kwari. Ya yi mini ta'aziyya, sannan yana shirin tashi ya ce af, akwai gyara a jadawalina. Wai ya kira mutuminsa a Alƙahira ya same shi ya rufe ofis, mutumin ya ce ai bana gwamnatinsu ta dawo da tura agogo gaba, yanzu awa biyu suke gaban Kano. Ya ce kwanan nan aka fara, 'yan kwanaki bayan Sallah. Ya faɗa yana gyara babbar rigarsa, kamar mai ba da labarin farashin kaya. Na raka shi bakin titi na dawo na rufe ƙofar ofis. Na ɗauko wayata na sake duba kiran nan goma sha huɗu. Tara daidai. Sha ɗaya a Alƙahira. Yarinyar ba ta yi kuskuren ko minti ɗaya ba, kuma abin da take ƙoƙarin gaya mini ke nan ranar da na katse ta.

A nan ne laifina na gaske ya fara. Na farkon jahilci ne da girman kai. Na biyun kuwa da sanina na yi shi. Na yi shiru. Kullum in ce gobe zan je in gaya wa Inna, in na je in gan ta zaune tana jan carbi sai bakina ya yi nauyi. Ina gaya wa kaina cewa tsohuwa ce, kada in tayar mata da ciwo. Gaskiyar ita ce ina tsoron yadda za ta dube ni. Wata bakwai na yi a haka.

Abin da na iya yi a watannin nan shi ne bin diddigin lokacin kansa. Na rasa barci mai daɗi, na rasa natsuwa a wurin aiki, sai na ƙudurta cewa sai na gano inda ake samun lissafin da ba ya yaudara. Na fara da wani mai sayar da tikitin jirgi a Titin Ibrahim Taiwo. Ya ce shi abin da kwamfuta ta fito masa da shi yake bai wa matafiya, bai san daga inda take ɗaukowa ba. Na je wurin wani tsohon abokina malamin labarin ƙasa, ya zana mini layukan da suka raba duniya, ya yi bayani mai kyau, amma a ƙarshe ya ce waɗannan na littafi ne, kowace gwamnati tana iya sa agogonta inda ta ga dama. Na sayi sabon dayari a kantin littattafai a Sabon Gari, na buɗe bayansa, sai na ga lissafin da ke cikinsa shi ne dai na tsohon dayarina, ba a taɓa ko ɗigo ba.

Ke 'yata Yagana kin san sauran, domin ke kika zauna da ni, amma zan rubuta saboda 'yan uwanki. Wata Asabar da hantsi na same ki da kwamfutarki a falo na ce ki nemo mini lokacin Alƙahira. Kika buɗe shafuka uku na intanet. Ɗaya ya ce Masar ta daina sauya agogo tun tuni. Ɗaya ya kawo lokacin daidai amma bai yi bayanin komai ba. Na ukun ya kawo labarin dawo da sauyin. Na tambaye ki wanne zan yarda da shi, tunda dukkansu da ƙarfin gwiwa suke magana. Kika nuna mini cewa na farkon ba ƙarya ya yi ba, gaskiya ce da ta tsufa, an rubuta shi shekarun baya ba a sake waiwayarsa ba. Kika ce kafin in karanta abin da shafi ya faɗa, in fara neman ranar da aka rubuta shi. Idan babu rana a jiki, in wuce.

Daga nan kika kai ni wani wuri da ban taɓa zaton akwai irinsa ba. Wani kundi ne da wasu mutane daga ƙasashe daban-daban suke kula da shi, yawancinsu don sa kai, inda ake rubuta lokacin kowane yanki na duniya da duk sauyin da aka taɓa yi masa. Kika ce wayoyi da kwamfutoci da yawa daga nan suke ɗaukar lissafinsu, sai na gane a raina cewa da haka ne wayar Falmata za ta gyara kanta ba tare da ta taɓa ta ba. Rubutun ciki ba mai daɗin karantawa ba ne, lambobi ne jere, amma a saman kowane sauyi akwai bayanin wanda ya kawo labarin da kuma inda ya samo shi, sanarwar gwamnati ce ko jaridar ƙasar. Wani wurin ma sun rubuta cewa ba su tabbatar ba tukuna, suna jiran sanarwa. Wannan ya tsaya mini a rai. Mutanen da duniya ke dogara da su suna iya rubuta cewa ba su sani ba, ni kuwa shekara sama da ashirin ina buga lamba da baƙar tawada ban taɓa sa alamar shakka ba. Kika kuma gargaɗe ni cewa ko waya tana iya ɓata idan tsohuwa ce ba a sabunta ta ba, ko kuma gwamnati ta yi sauyin cikin gaggawa kafin labari ya iso.

Mun yi Asabar huɗu ko biyar muna wannan aiki, ina rubutawa a littafi da hannuna. A nan na koyi cewa Saudiyya da Dubai da Sin da Indiya ba sa taɓa agogonsu. Na koyi cewa Ingila da Amurka duk suna sauyawa amma ba a mako ɗaya ba, don haka akwai 'yan makonni a shekara da tazarar da ke tsakaninsu take canzawa. Na koyi cewa Maroko tana mayar da agogonta baya saboda azumi, ta dawo da shi bayan Sallah, abin da ya sa ranakun nata suke tafiya da watan Musulunci. A ƙarshe na tsayar wa kaina ƙa'ida: in nemi abin da gwamnatin ƙasar ta sanar da bakinta, in gwada shi da kundin nan, sannan idan maganar mai nauyi ce in kira mutumin da ke can in tambaye shi ƙarfe nawa agogonsa ya nuna yanzu. Na ukun nan shi ne mafi sauƙi, ba ya buƙatar ilimi ko kwamfuta. Tambaya ɗaya ce da na yi wa Falmata ranar da suka sauka, ban sake yi mata ba.

Da lokacin buga kalandar sabuwar shekara ya zo, Alhaji Sabo ya aiko a kira ni rumfarsa. Na je da samfurin da na shirya. Na bar ƙasashen da ba sa sauyawa yadda suke. Landan da Alƙahira kuwa na cire lambobinsu, na rubuta a wurin cewa lokacin waɗannan yana sauyawa, a tambayi na can kafin a sa alkawari. Ya juya takardar ya dube ta ya ce wannan ai rabin jadawali ne. Ya ce in gyara Alƙahira in sa mata tauraro kamar Landan, shi ke nan. Na ce masa kalanda shekara guda take yi a bango, gwamnatin da ta dawo da sauyin bana tana iya soke shi baɗi, kuma ba zan bi rumfa-rumfa in goge ba. Ya ce mutane lamba suke so su gani, ba wa'azi ba. Ban ga laifinsa ba, bai san abin da ke cina ba. Muka rabu lafiya, ya kai aikin wani wuri, sauran 'yan layinsa suka bi shi. Da sabuwar kalandar ta fito na gan ta a wata rumfa. Jadawalina ne aka kwafa kaf, har da awa ɗayan Alƙahira.

Wannan aikin shi ne ƙashin bayan shagona. Abin da ya sa na sayar da injin ɗaya ke nan a shekarar da ta biyo, ba tsufan injin ba kamar yadda na gaya muku a lokacin. Da na ga kalandar nan dai, sai na buga 'yar takarda ƙarama mai bayanin gyaran, na shiga Kwari da ƙafata ina rabawa, ina roƙon a liƙa a jikin kalanda. Wasu suka karɓa da godiya, wasu suka ajiye a gefe suka ɗora kofin shayi a kai. Wani dattijo da ban sani ba ya karanta, ya dube ni ya tambaya ko wani ya yi asara ne saboda kuskuren. Na ce masa e. Bai sake tambaya ba. Ina fita daga kasuwar na ga cewa na gaya wa baƙo abin da ban gaya wa mahaifiyata ba. Ban koma shago ba, na miƙe Fagge.

Na same ta ta idar da la'asar. Na zauna kusa da kunnenta mai ɗan ji, domin irin wannan magana ba ta daɗin faɗa da ƙarfi, amma dole na ɗaga murya har 'yar uwarta da ke tsakar gida ta ji. Na gaya mata komai, da yadda na katse Falmata, da ranar da na gano, da watannin da na yi shiru. Da na gama, sai ta ce:

"Modu, kwanan Bukar ya ƙare ne. Ko na yi magana da shi ko ban yi ba, ranar zai tafi. Wannan na bar wa Allah tuntuni."

Na fara godiya, sai ta ɗaga hannu.

"Ban gama ba. Yarinyar nan marainiya ce, uwa babu, uba babu. Ta zo nan ta durƙusa tana gaishe ni ina kau da kai, kana zaune kana kallo. Wata nawa?"

Na ce bakwai.

"To ni ka sa na zalunce ta. Tashi ka je wurinta. Kada ka dawo gidan nan sai da ita."

Gidan mijin Falmata ba nisa, can bayan masallacin unguwarsu. Na same ta tana tsince shinkafa a tire. Ta shimfiɗa mini darduma ta kawo ruwa, ta koma gefe ta zauna kamar yadda ta saba. Na yi mata bayanin da na yi wa Inna. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta sani tun ranar, domin ma'aikatan asibitin sun gaya musu an tura agogo, kuma da ta ga ban ɗauka ba ta gane abin da ya faru. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa da ake ɗora mata laifi. Ta ce ta yaya za ta tsaya a gaban mutane a zaman makokin ubanta ta ce laifin yayansa ne. Ta ce ta ɗauka zan faɗa da kaina, ta jira mako ɗaya, ta jira wata ɗaya, daga baya ta daina jira.

Na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe. Sai ta ajiye tiren ta ce akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba. Ranar, da ta yi ta kira ba a ɗauka ba, ta fara kuka, ma'aikata kuma sun zo da gadon turawa suna jira. Babanta ya riƙe hannunta ya ce:

"Bari haka nan. Yaya yana gaban inji ne, ba zai ji ba. Kada ki ɗaga masa hankali. In ya kira ki ce ya gaishe mini da Inna, ya ce mata ina lafiya."

Ta ce da na kira, bakinta ya kasa faɗa, daga baya kuma ranta ya ɓaci da ni har ta ga ban cancanci saƙon ba. Ta ce ita ma in yafe mata wannan.

Muka taho tare, tana bayana da ɗan taku kaɗan. Da muka shiga, Inna ta jawo ta ta zaunar da ita a kan tabarmarta, ta riƙe kan Falmata a ƙirjinta, abin da ban taɓa ganin ta yi wa babba ba. Ni na tsaya a bakin ƙofa. Da suka natsu Falmata ta dube ni ta ce saƙon nawa ne, ni aka ba. Na durƙusa kusa da kunnen Inna na ce mata Bukar yana gaishe ta, ya ce yana lafiya. Ba ta ji da kyau ba, ta ce in sake faɗa. Na sake faɗa da ƙarfi. Ta gyaɗa kai ta ce tana amsawa.

Inna ta ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni a duniya, kuma a hannun Falmata ta cika. Tsakanina da Falmata akwai gaisuwa da mutunci, tana zuwa da yaranta ranar Sallah, amma sakin jikin da take yi da ni a da, da zolayar da take mini tun tana ƙarama, bai dawo ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in nema ba. Abin da nake so daga gare ku kaɗan ne. Duk inda kuka ji an ɗora mata wannan magana, ko a gidan biki ne ko a gidan makoki, ko wane ne ya faɗa kuma ko ya girme ku, ku gyara masa da ladabi. Ku ce laifin babanmu ne, shi ya rubuta da hannunsa.